Guilin, Yangshuo ko Xingping: ina mai ƙaramin guzuri zai sauke jakarsa a bakin kogin Li?

Duk wanda ya je sari Guangzhou takardar yuan 20 ta ratsa hannunsa, ko da canjin tasi ne. A bayanta akwai hoton kogi da wasu duwatsu masu tsini da masunci tsaye a kan kwale-kwalensa. Wurin na gaske ne, yana bakin kogin Li a yankin Guangxi, kuma daga tashar Guangzhou ta Kudu jirgin ƙasa mai gudu ba ya cika awa uku kafin ya kai ka can. 'Yan'uwanmu da yawa sukan kwashe kwanakin jiran kaya, ko ranakun da ke tsakanin zangunan baje kolin Canton, suna zaune a ɗakin otal a unguwar Xiaobei ta Guangzhou suna biyan kuɗin kwana mai tsada, alhali da abin da bai kai haka ba za su iya rataya jakar goyo su ga ɗaya daga cikin wurare mafi kyau a ƙasar Sin. Wannan rubutu na mai irin wannan niyya ne, ko ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya samu hutu, wanda aljihunsa ba shi da nauyi sosai.

Abin da ke rikita baƙo shi ne ana kiran yankin gaba ɗaya da sunan Guilin, amma wuraren sauka uku ne, kuma ba su yi kama da juna ba. Akwai birnin Guilin kansa. Akwai garin Yangshuo, kimanin kilomita 65 kudu da shi ta mota. Sai Xingping, tsohon ƙaramin gari da ke tsakaninsu a bakin ruwa, inda aka ɗauko hoton takardar kuɗin. Inda ka zaɓa ka kwana shi ne zai yanke yawan abin da za ka kashe, da abin da za ka ci, da abin da idonka zai gani in ka buɗe taga da asuba.

Mu fara da Guilin, tunda ita ce mai suna. Birni ne sosai, da filin jirgin sama na Liangjiang, da tashoshin jirgin ƙasa uku, da manyan asibitoci da bankuna. Duwatsun nan masu tsini suna tsaye a tsakanin gine-gine, kogin Li ya ratsa ta tsakiya, ga tafkuna huɗu da aka haɗe su da koguna biyu ana zagaya su da ƙafa ba tare da biyan ko sisi ba. Da daddare hasumiyoyi biyu da ke cikin tafkin Shan, ta Rana da ta Wata, sukan haska ruwan, kuma kallonsu daga bakin tafki kyauta ne. Dutsen da ya yi siffar giwa ta tsoma hancinta a kogi, wanda shi ne tambarin birnin, tun 2022 aka daina karɓar kuɗin shigarsa. Amma sauran wuraren da ake tallatawa, irin su kogon Ludi mai fitilu kala-kala da tsohuwar fadar 'ya'yan sarautar Ming, kowanne da tikitinsa, kuma idan ka ce sai ka shiga uku ko huɗu a yini za ka ga kuɗin kwana biyu ya tafi. Gaskiyar magana, a cikin birnin kana ganin duwatsun ne ta bayan benaye da wayoyin lantarki. Wanda ya tsaya a Guilin kaɗai ya koma, bai ga abin da ya sa ake zuwa Guilin ba.

To amma Guilin tana da abin da sauran biyun ba za su iya ba Musulmi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai al'ummar Musulmin Hui da suka daɗe a birnin da ƙauyukan gefensa. Daga cikinsu ne Janar Bai Chongxi ya fito, wanda ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙasar a ƙarni na 20. Masallacin titin Chongshan, wanda aka gina tun ƙarni na 18, yana tsakiyar gari, kuma ana sallar Juma'a a cikinsa. A kewayensa ne za ka fi samun abincin halal cikin kwanciyar hankali, har da taliyar shinkafar nan da aka san Guilin da ita amma da naman sa. Wannan taliya a sauran shaguna abin kiyayewa ce: ko ka ce kada a sa maka nama, romon da ake zuba mata galibi da ƙashin alade aka dafa shi, kuma akan barbaɗa mata soyayyar fatarsa. Saboda haka duk arharta, kwano ɗaya bai kai yuan 10 ba, sai a shagon Musulmi za ka ci ta.

Yangshuo kuwa ita ce garin masu jakar goyo tun shekarun 1980, lokacin da matasan Turawa suka fara sauka a can saboda arha. Arhar nan ta ragu, don yanzu 'yan ƙasar ne suka fi cika ta. Titin Yamma, wanda kowa ke ambata, da yamma yakan zama cunkoso da kiɗa mai ƙarfi da mashayu da masu kiran ciniki, kuma ba na shawartar kowa ya kama ɗaki a kansa ko kusa da shi, don barci ba zai samu ba sai dare ya raba. Darajar Yangshuo tana bayan gari. Ka hau keke minti ashirin kawai, sai ka tsinci kanka a kwarin kogin Yulong, tsakanin fadamun shinkafa da gonakin lemo, duwatsu a tsaitsaye ko'ina kamar rumbunan da aka jera a bayan ƙauye, sai dai kowanne ya fi bene mai hawa talatin tsawo kuma kore shar. Irin dutsen da ake yin siminti da shi ne. Ruwan sama ya daɗe yana narkar da shi yana barin masu tauri a tsaye, shi ya sa kuma kogwanni suka yi yawa a ƙarƙashinsu. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya.

A nan ne mai ƙaramin guzuri yake cin riba, domin abu mafi daɗi a Yangshuo kusan kyauta ne. Hayar keke na yini ɗaya yuan 20 ne zuwa 30, babur mai caji kuma 40 zuwa 60, kuma hanyar da ke bin gefen Yulong shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. Za ka iya bin ta har tsohuwar gadar dutse ta Yulong, wadda aka gina a zamanin Ming, ka wuce gaba zuwa gadar Fuli inda mutane suka fi ƙaranci, ka zauna a inuwa ka ci abin da ka zo da shi. Idan ka ɗauki babur, ka tambayi nisan da cajinsa zai kai, ka kuma ɗauki hoton duk wani tabo a jikinsa kafin ka bar shagon. Masaukan matasa, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗaki mai gadaje huɗu zuwa takwas, sun fi yawa a Yangshuo, gado yakan kama daga yuan 40 zuwa 80 in ba lokacin hutu ba. Ga shawarata a nan: in ku biyu ne, ku bar maganar gado ku kama ƙaramin ɗaki a gidan baƙi na ƙauye, wanda sau da yawa yuan 100 zuwa 150 ne. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma kun samu wurin shimfiɗa darduma da banɗaki naku, ba ku tashi kowa da asuba ba. Mace mai tafiya ita kaɗai ta duba da kyau wajen kama gado, don ɗakuna da yawa a haɗe suke maza da mata, sai wanda aka rubuta na mata ne zalla.

Matsalar Yangshuo abinci ce. Abincin da garin ke alfahari da shi kifi ne da ake dafawa da giya, kuma duk gidan abincin da ka wuce sai an miƙo maka hotonsa. Sauran soye-soye ma akan yi su da kitsen alade ko a tukunya ɗaya da shi. Mafita ita ce shagunan taliyar Lanzhou da Musulmin arewa maso yammacin ƙasar suke buɗewa kusan a kowane gari. Allonsu yawanci kore ne, masu aikin da farar hula, matan da ɗankwali. Kwano ɗaya da naman sa yuan 15 zuwa 25. A cikin garin Yangshuo za ka same su, amma da zarar ka koma ƙauyukan Yulong sai ka dogara da dafaffen ƙwai, masara, dankali, gyaɗa da 'ya'yan itace, waɗanda kuwa suna da arha da kyau. Ka sayi gurasar 'yan Xinjiang da dabino a Xiaobei kafin ka taso, suna jure kwanaki a jaka. Kada ka ce za ka taho da kilishi daga gida, kwastan ɗinsu ba sa barin a shigo da nama.

Sai Xingping, wadda ita ce zuciyata ta fi karkata gare ta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: tashar jirgin ƙasa da ake kira tashar Yangshuo ba a garin Yangshuo take ba. Tana kusa da Xingping ne, tafiyar 'yan mintuna a bas, alhali zuwa garin Yangshuo sai ka yi kusan awa guda. Ke nan wanda ya taso daga Guangzhou, a layin Guiyang da aka buɗe a ƙarshen 2014, zai iya sauka kai tsaye a wuri mafi kyau na kogin ba tare da ya shiga Guilin ba sam, ya tsira da kuɗin mota da rabin yini. Tikitin kujera mai daraja ta biyu bai kai yuan 200 ba.

Xingping ƙarama ce, ka gama zaga tsohon titinta mai shimfiɗar dutse cikin rabin awa. Da rana motocin 'yan yawon buɗe ido sukan juye mata jama'a, kowa riƙe da yuan 20 yana neman ɗaukar hoto a gaban duwatsun, amma da la'asar sakaliya sai su watse, garin ya koma na masu shi da na waɗanda suka kwana. Wurin ɗaukar hoton nan tafiyar ƙafa ce ta kusan minti ashirin daga mashigin jirgi, ba a biya. Dutsen Laozhai yana nan a bakin gari, shi ma ba a biya, kuma daga samansa ana ganin inda kogin ya yi lanƙwasa ya kewaye gonaki, duwatsu bayan duwatsu har iyakar ganinka. Hawansa ba wasa ba ne: matakala fiye da dubu, wasu a karkace, da tsanin ƙarfe kusa da ƙarshe, kuma a can sama ba ko'ina ke da shinge ba. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura, kuma kowa ya haƙura idan an yi ruwa. Wanda ya hau don ganin faɗuwar rana ya tafi da tocila, ya kuma fara saukowa kafin duhu ya rufe. Tsofaffin masunta da za ka gani da tsuntsayen kamun kifi a kan kwale-kwale, yawancinsu yanzu sana'arsu tsayawa a ɗauke su hoto ce, don haka ka yi ciniki kafin ka ɗaga waya. Rashin Xingping shi ne zaɓin abinci ya fi na Yangshuo ƙaranci, kuma bayan dare biyu ka gama ganin abin da ke akwai.

Yanzu ga babbar tambayar kuɗi, wato shiga ruwan. Hanya uku ce. Ta farko babban jirgin ruwa daga wajen Guilin zuwa Yangshuo, tafiyar da ake lissafa ta da kilomita 83, awa huɗu zuwa biyar, yana tashi da safe sau ɗaya. Mai arha ya haura yuan 200, mai daraja ya haura 350, ban da kuɗin motar da za ta kai ka mashigin, wanda ke nesa da gari. Yana da daɗi ga dattijo ko mai iyali: kujera, inuwa, banɗaki, kuma ya zama maka abin hawa zuwa Yangshuo da kayanka. Amma abincin da ake rabawa a ciki ba naka ba ne, jiragen suna tafiya ne a jere ɗaya bayan ɗaya, kuma ainihin wurin da ya cancanci kuɗin shi ne tsakanin ƙaramin garin Yangdi da Xingping. Kashi na ƙarshe na tafiyar duwatsun sun ja baya, mutane sukan koma ciki su yi gyangyaɗi. Da sanyin hunturu kuma ruwa yakan ja har a gajarta tafiyar.

Ta biyu ƙananan kwale-kwale masu inji da ke yawo a wannan yanki mai kyau, daga Yangdi ko daga Xingping, mutum huɗu a kowanne. Ana kiransu na gora amma da bututun roba aka yi su, kuma injin yana da ƙara. Duk da haka kana kusa da ruwa, kana wucewa ta gaban dutsen da ake cewa akwai siffar dawakai tara a jikinsa, kuma kuɗin bai kai na babban jirgi ba. Ta uku ita ce ta kogin Yulong, inda kwale-kwalen na gora ne na gaske, mutum biyu a kujera, mai fito yana tura shi da doguwar sanda, babu inji babu hayaƙi, lokaci-lokaci a gangara ƙaramar madatsa ruwa ya fantsamo ƙafa. Ana biyan kuɗin kwale-kwalen ne gaba ɗaya, yuan 200 zuwa 300 da 'yan kai gwargwadon nisa, saboda haka mai tafiya shi kaɗai ya nemi abokin raba kuɗi a masauki. Ba sa ɗaukar ƙananan yara da tsofaffin da suka haura 70. In abu ɗaya kawai aljihunka zai ɗauka, ni dai na Yulong zan ce maka, tunda kogin Li ka riga ka gan shi kyauta daga bakin gaɓa da saman Laozhai. Ka sayi tikiti a tagar hukuma ko ta hannun masaukinka, ka rabu da masu tare mutane a tasha suna cewa suna da mai rahusa.

Akwai abu guda da zai iya juya lissafin ya koma wajen Guilin: gonakin shinkafa masu hawa-hawa na Longji, a kan tsaunukan Longsheng, tafiyar kusan awa biyu arewa da birnin, inda ƙabilun Zhuang da Yao suka sassaƙa duwatsu suka mayar da su gonaki tun ɗaruruwan shekaru. Daga Guilin ake zuwa cikin sauƙi. Daga Yangshuo tafiyar ta yi tsawo. Manomi zai ji daɗin ganin yadda suke sarrafa ruwa daga saman dutse zuwa ƙasa. Sai dai lokaci ne da su: suna kyau a watan Mayu da Yuni in an cika su da ruwa, da ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba in shinkafa ta nuna. Wanda ya zo baje kolin kaka, wanda ke farawa 15 ga Oktoba, zai iya tarar da an girbe mafi yawa.

Lokacin zuwa ma yana taɓa aljihu fiye da zaɓin gari. Makon farko na Oktoba, da kwanakin farko na Mayu, da Sabuwar Shekararsu, kuɗin ɗaki yakan ninka har sau biyu ko uku, tikitin jirgi ya ƙare tun da aka buɗe sayarwa, wato kwana 15 kafin tafiya. Zango na uku na baje kolin bazara yana faɗawa daidai kan hutun Mayu, don haka wanda ya zo a Afrilu ya yi tafiyarsa kafin wata ya ƙare. Mayu da Yuni damina ce mai ƙarfi, kogi yakan cika ya yi ja, a dakatar da kwale-kwale. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa: sama a washe, zafi ya sauka, jama'a sun ragu.

Wasu abubuwa kuwa duk inda ka sauka ɗaya ne. Fasfonka shi ne tikitin jirginka, kuma da shi masauki zai yi maka rajista wajen 'yan sanda, don haka kada ya rabu da jikinka. A 2024 hukumomin ƙasar sun fito sun ce bai halatta otal ya ƙi baƙo don kawai ɗan ƙasar waje ne ba, bayan koke-koken matafiya da suka haɗa da 'yan Najeriya. Duk da haka ƙananan gidajen baƙi ba duka suka saba da cike takardun ba, saboda haka ka kama ɗaki ta manhaja irin Trip.com, ka aika musu saƙo su tabbatar kafin ka taso. Ka duba kwanakin bizarka da kyau, don tarar wuce wa'adi yuan 500 ce a kowace rana. Biyan kuɗi kusan duk ta manhajar waya ta Alipay ko WeChat ne, har mai sayar da masara a bakin hanya, amma ka riƙe ƙananan takardun kuɗi saboda ranar da kati zai ƙi. Banɗakunan waje na tsuguno ne kuma babu buta, gorar ruwa a gefen jaka tana magance wannan. Alƙibla a can yamma take, a ɗan karkata arewa, abin da yakan rikita wanda ya saba fuskantar gabas. A Xingping da ƙauyuka kuma za a kalle ka, wasu su nemi hoto da kai, wasu su ɗauka ba tambaya. Yawanci mamaki ne na wanda bai saba ganin baƙar fata ba, kuma kana da damar ɗaga hannu ka ce a'a.

In aka haɗa gado, abinci sau uku, keke da ruwan sha, mai tsimi zai iya rufe yini da kimanin yuan 200 a Xingping ko bayan garin Yangshuo, ban da ranar shiga kwale-kwale. A Guilin kwana da abinci ba su fi haka tsada ba, tikitocin shiga da kuɗin fita zuwa wuraren kallo ne suke cinye bambancin. Saboda haka ga yadda zan tsara wa matashi mai ƙarfin ƙafa da ke da kwana huɗu daga Guangzhou: ya taso ranar Talata ya sauka tashar Yangshuo, ya kwana Xingping, Laraba ya koma gefen Yulong ya yi yini biyu a kan keke, Alhamis da yamma ya hau bas na awa ɗaya da rabi zuwa Guilin, ya zaga tafkuna da daddare, ya yi Juma'a a Chongshan, ya ci taliyarsa da naman sa, ya kama jirgin yamma. Wanda ke tafe da Alhaji ko Hajiya masu shekaru, ko da yara, ko wanda maganar abinci ba ta barinsa ya sake, ya yi masauki a Guilin kusa da masallaci, ya biya kuɗin babban jirgin ruwa rana ɗaya da guzurinsa a leda, ya dawo ta mota da yamma. Wanda kuma dare ɗaya kacal gare shi tsakanin zango da zango na baje koli, kada ya raba hankalinsa: Xingping, ya koma washegari.